DARASI: WASAN ƘARAMIN YARO SHI NE KARATUNSA

Nazari domin iyaye, da malamai, da katikis na majami'unmu a Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar

Karatun da za a duba: Zakariya 8:4-5, Matiyu 11:16-17, Markus 10:13-16

GABATARWA



Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga Hadayar Mas, wani magidanci ya tare ni a bakin ƙofar majami'a, yana riƙe da hannun 'yarsa wadda ba ta cika shekara 4 ba. Da muka gaisa sai ya ce, "Fada, na zo ne in sanar da kai zan cire yarinyar nan daga rabin ajinku." Na ce, "Lafiya kuwa, ɗan'uwana?" Ya ce, "Wata uku ke nan ina biyan kuɗi. Kullum sai ta dawo da yumɓu a riga, ba aikin gida a jakarta, littafinta kuma fes kamar yau aka saya. Ɗan maƙwabcina sa'anta ne, amma yana ƙirga ɗaya har ɗari da Turanci. In dai wasa ne, ai akwai yashi a ƙofar gidana, ba kuwa sai na biya ba."

Ban yi masa musu ba, gama maganarsa ta uba ce mai son 'yarsa, wanda kuma ya san wahalar da yake sha kafin kuɗin makaranta su shigo hannunsa. Sai na sa aka kawo gyaɗa a faifai, na ce wa yarinyar, "'Yata, ba ni guda biyar." Ta ɗauko ɗaya bayan ɗaya, tana sa mini a tafin hannu, da ta kai biyar ta tsaya. Na ƙara ɗaya, na ce ta raba mana daidai ni da ita. Ta raba uku uku, ta dube ni tana dariya. Na gaya wa mahaifinta cewa na sha ganin yaran da ke rera lambobi har ɗari, amma in ka ce su miƙo maka abu biyar sai su cika hannu su ba ka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai bar ta zuwa ƙarshen zango ya gani.

Wannan magidanci ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu yi nazari tare, domin in mun yi kuskure a wannan wuri, waɗanda za su ɗauki nauyin kuskurenmu su ne mafi ƙanƙanta a cikinmu, ba su kuwa da bakin kai ƙara.

1. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Sa'ad da Annabi Zakariya ya so ya kwatanta wa mutanensa yadda Urushalima za ta kasance bayan Allah ya komo da su daga bauta, abu biyu ya zana musu: tsofaffi zaune a dandali da sandunansu, da kuma yara maza da mata cike da tituna suna wasa. Watau a wurin annabin, wasan yara alama ce ta salama da albarka. Garin da yaransa suka daina wasa, to, yaƙi ne, ko yunwa, ko annoba ta shige shi.

A cikin Matiyu sura 11, Ubangijinmu ya ɗauko misali daga yaran da ke zaune a kasuwa, waɗansu na so a yi wasan biki, waɗansu na so a yi wasan makoki, suna ta gardama. Lalle manya yake tsawatarwa da wannan misali, amma mu lura da abu guda: wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yara suna wasa ba, ba zai iya ba da irin wannan kwatanci ba. Yesu ya san wasannin yaran ƙasarsa, ya san yadda suke kwaikwayon abin da suka ga manya na yi, kamar yadda namu suke yin tuwon ƙasa da auren 'yar tsana.

A cikin Markus sura 10 kuma, almajirai suka kori masu kawo yara, don a ganinsu Malam yana da aikin da ya fi wannan muhimmanci. Mai bishara ya gaya mana ran Yesu ya ɓaci. Ya kira yaran, ya rungume su, ya sa musu albarka. Bai tambaye su ko sun haddace Attaura ba, bai kuma jira sai sun girma sun zama kamar manya ba. Manyan ne ma ya umarta su koma kamar yara.

Ikilisiya ta riƙe wannan fahimta a cikin dokokinta. Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 97, ya ɗauki wanda bai cika shekara 7 ba a matsayin ɗan ƙaramin da bai kai ga mallakar hankalinsa ba tukuna. In Ikilisiya ba ta ɗora wa mai shekara 4 nauyin azumi ko na furta zunubi ba, don me mu za mu ɗora masa nauyin jarrabawa da zaman awa biyar a kan benci?

2. WAƊANDA SUKA RIGA MU A WANNAN AIKI

Makarantar reno irin wadda muka sani a yau ta samo asali ne daga Jamus. Wani malami mai suna Friedrich Froebel, ɗan wani fasto, shi ne ya kafa ta, ya kuma raɗa mata suna a 1840 da kalmar da ke nufin lambun yara. Ya ga yaro kamar shuka yake, malami kuwa kamar mai lambu. Manomin gero a Gagarawa ya san gaskiyar wannan: kana iya yin noma, ka ba da taki, ka kori dabbobi, amma ba ka iya jan ganyen gero da hannu don ya yi saurin tsawo. In ka ja, tumɓukewa zai yi. Froebel ya ba yara ƙwallo, da guntayen katako na gini, da waƙa, da ɗan fili na shuka.

A Italiya, Waliyyi Yohanna Bosko (1815-1888), wanda muke tunawa da shi kowace ranar 31 ga Janairu, tun yana yaro ya koyi tafiya a kan igiya da dabarun hannu domin ya tara sa'o'insa, in sun taru sai ya maimaita musu wa'azin da ya ji a majami'a. Da ya zama firist a birnin Turin, ya gina aikinsa a kan abu uku: hankali, da addini, da ƙauna. Ya hana duka, ya kuma bukaci malamansa su shiga filin wasa tare da yara maimakon su tsaya gefe suna gadi.

Maria Montessori, likita ce kuma 'yar Katolika. Ranar 6 ga Janairu 1907, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, ta buɗe gidan yara na farko a San Lorenzo, wata unguwar matalauta a birnin Roma. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara, ta ajiye kayan aiki a inda hannunsu zai kai, ta bar kowane yaro ya zaɓi abin da zai yi. Ta ga yaran da aka ɗauka ba sa jin magana suna natsuwa a kan zuba ruwa daga tulu zuwa kofi, ko ɓalla maɓalli, ko shara, suna maimaitawa har sai sun gwanance. Ita ba ta ma so a kira wannan wasa, aiki take kiransa, saboda girman da take ba shi.

A 1954, a Roma ɗin dai, waɗansu mata biyu, Sofia Cavalletti masaniyar Littafi Mai Tsarki, da Gianna Gobbi wadda ta koyi aiki a hanyar Montessori, suka fara abin da ake kira Katikisim na Makiyayi Mai Kyau. Suna ba da labarin Yohanna sura 10 a taƙaice, sa'an nan su ba yaro ɗan garke da tumakin katako da siffar makiyayi, su bar shi yana fitar da su yana mayarwa. Ba sa gaya masa su wane ne tumakin. Da kansa wata rana zai gane cewa shi ma yana cikinsu. Wannan hanya ta yaɗu zuwa ƙasashe da yawa.

A nan gida ma, Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, a bugunta na 2004 ta sa wasa ya zama babbar hanyar koyarwa a matakin da ke gaban firamare, ta kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya. Saboda haka malamar da ke koyarwa da yumɓu da waƙa ba ta kauce hanya ba.

3. ABIN DA YARO KE SAMU A CIKIN WASA

Na farko, jiki. Yatsun mai shekara 3 ba su ƙosa ba. In an tilasta masa riƙe fensir yana cika shafi da baƙaƙe, zai riƙe shi a karkace, hannunsa ya gaji, ya tsani rubutu tun bai san amfaninsa ba. Murza yumɓu, da zura duwatsun ado ko guntayen kara a zare, da tsintar tsakuwa kamar yadda 'yan mata ke yi a carafke, su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami gobe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya sami motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, da barci na awa 10 zuwa 13, kada kuma zamansa a gaban talabijin ko waya ya wuce awa ɗaya.

Na biyu, harshe. Yaro yana koyon magana ne ta wurin yin magana. A ajin da malama kaɗai ke faɗa yara na amsawa baki ɗaya, kowane yaro kalmomi kaɗan ne ke fita daga bakinsa da tunanin kansa. Amma yara uku da ke wasan kasuwa, sai sun yi sallama, sun taya, sun yi ciniki, sun yi gardama, sun shirya. A majami'unmu na ƙasar Gumel akwai 'ya'yan 'yan ƙasa, akwai kuma 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata da jami'an tsaro da suka zo daga sassa dabam dabam na Nijeriya. Harshen gida ya bambanta, amma Hausa ce ke haɗa yaran a titi. Turanci ya shiga ta hanyar waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa, sannu a hankali. Amma labari, da lallashi, da addu'a, a yi su da harshen da yaro ke ji har cikin zuciyarsa.

Na uku, lissafi. Rera lambobi dabam, sanin adadi dabam. Yaron da ya jera ƙwallon goruba daga babba zuwa ƙarami, ya ware jan dutse daga fari, ya auna yashi ya ga gwangwani nawa ke cika kwano, ya riga ya aza harsashin tarawa da ɗebewa da rabawa.

Na huɗu, hali, kuma wannan ya fi sauran. A cikin wasa ne yaro ke koyon jiran layinsa, da haƙuri in an ci shi, da bin doka ko da ba a ganinsa, da ba da haƙuri in ya ture wani. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma masu saƙar kwando sun san cewa ɗanyen icce da lallami ake tanƙwara shi. Wanda ya yi masa da ƙarfi, karya shi zai yi.

4. KAYAN WASA NA NAN KEWAYE DA MU

Sau da yawa kwamitin makaranta yakan ce ba kuɗin sayen kayan wasa. Amma Allah bai bar ƙasarmu hannu wofi ba. Muna da yashi mai laushi, wanda ya fi kowane allo kyau ga mai koyon zana baƙi da yatsa, don in ya yi kuskure sai ya shafe ba tare da kunya ba. Muna da yumɓu a bakin kududdufi. Bayan kaka muna da karan gero da na dawa, waɗanda yara suka daɗe suna ƙera motoci da gadaje da su. Muna da kaba, da ƙwallon goruba, da ƙwaryar da ta fashe, da murafun kwalba, da gwangwanin madara, da ƙyallen da tela ke zubarwa. Ruwan zoɓo ma yana ba da jan launi na yin zane.

Ku dubi kasuwar Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis a kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki daga nesa. Yaran wannan yanki sun san ta, ko da ido ko da labari. Malama na iya sa su gina dabbobinsu da yumɓu ranar Litinin, su shanya, su yi musu garke da kara ranar Laraba, ranar Alhamis kuma a buɗe kasuwa a ƙarƙashin bishiya, murafun kwalba su zama kuɗi. A cikin wannan wasa guda akwai aikin hannu, akwai ƙirga, akwai magana, akwai kuma zarafin koya musu cewa Kirista ba ya tauye mudu, ba ya kuma ɓoye aibin abin da yake sayarwa.

Sai dai a kula. Ƙananan abubuwa kamar wake da tsakuwa ba na waɗanda ba su kai shekara 3 ba ne, gama sukan haɗiye ko su cusa a hanci da kunne. A daddale bakin gwangwani kada ya yanke hannu. A share filin wasa kowace safiya saboda ƙaya da ƙarangiya da kunama. A rufe rijiya da randa da duro.

5. TSARIN YINI ƊAYA

Koyarwa ta hanyar wasa ba sakaci ba ne. Tana bukatar shiri fiye da koyarwar allo da bulala. Yaro kuma yana samun kwanciyar rai in ya san abin da ke biye da abin da yake yi. Ga misalin da kowace makaranta za ta iya gyarawa daidai da halinta.

Ƙarfe 8:00, taryar yara. Malama ta tsaya a bakin ƙofa, ta gai da kowane yaro da sunansa, ta dubi idonsa da jikinsa ko akwai zazzaɓi ko ƙuraje. Wanda ba shi da lafiya a sanar da iyayensa nan da nan.

Ƙarfe 8:15, zaman da'ira a kan tabarma. Alamar gicciye, gajeriyar addu'a, waƙa ɗaya mai tafi. A tambayi yara wace rana ce yau, yaya sararin sama yake, wa ya ga wani abu a hanya. Kada ya wuce minti 15.

Ƙarfe 8:30, wasan waje. A nan ƙasarmu dole a yi shi da wuri, musamman daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da yashi ke ƙona ƙafa tun kafin azahar. Guje-guje, tsalle, 'yar gala-gala, ɓuya, gara taya, gaɗa. A lokacin hunturu kuwa ana iya jinkirta shi har sanyi da ƙura su lafa.

Ƙarfe 9:15, wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba daga buta, addu'ar cin abinci, sa'an nan karin kumallo. Yara su ne za su shimfiɗa tabarma, su kuma kwashe. Malama ta lura da wanda ya zo ba komai a hannu, ta san yadda za a yi ba tare da an kunyata shi ba.

Ƙarfe 9:45, lokacin zaɓi, shi ne zuciyar yinin. A raba ɗaki ko rumfa kusurwa huɗu ko biyar: ta yumɓu da zane, ta gini da kara, ta gida da kasuwa, ta yashi da awo, ta hotuna da littattafai. Yaro ya zaɓi inda zai je. Malama tana zagayawa, tana durƙusawa daidai tsawonsu, tana tambaya: "Me ka gina? Guda nawa ne? In ka ƙara ɗaya fa?" A nan ne take zama da 'yan shekara 5, uku ko huɗu a lokaci guda, suna zana baƙaƙen sunayensu a yashi kafin su koma kan allo.

Ƙarfe 10:45, gyaran ɗaki. Kowa ya mayar da abin da ya ɗauka. Wannan ma darasi ne.

Ƙarfe 11:00, labari. Wata rana daga Littafi Mai Tsarki, wata rana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wata rana kacici-kacici.

Ƙarfe 11:20, hutu. Kowa ya kwanta shiru a tabarma, a sha ruwa.

Ƙarfe 12:00, addu'ar godiya da sallama. Kada a ba da yaro sai ga wanda iyaye suka nuna.

6. BANGASKIYA A HANNUN ƘANANA

Ƙaramin yaro yana sanin Allah ne ta idonsa da kunnensa da hannunsa. A keɓe kusurwa guda a aji, da ɗan tebur, da gicciye, da hoton Uwarmu Maryamu, da Littafi Mai Tsarki, da ƙyalle mai launin lokacin da Ikilisiya ke ciki: shunayya a lokacin Zuwan Ubangiji da na Azumi, fari a Kirsimeti da Ista, kore a sauran makonni. Yara da kansu za su fara tambayar dalilin da ya sa aka canja.

Misalin mai shuka a Markus sura 4, a yi shi da farkon damina. A sami gwangwani huɗu: ɗaya da ƙasa mai tauri, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da ciyawa, ɗaya da ƙasa mai taki. A shuka gero, yara su riƙa ba da ruwa suna dubawa kowace safiya. Misalin ɓatacciyar tunkiya a Luka sura 15, a ɓoye tunkiyar yumɓu guda, a ƙirga a ga ba su cika ba, kowa ya shiga nema, in an same ta a yi guɗa. A Kirsimeti su gina komin dabbobi da kara da yumɓu. Ai Waliyyi Faransis na Assisi ma abin da ya yi ke nan a ƙauyen Greccio a 1223, domin talakawa su ga haihuwar Ubangiji da idonsu.

A guji tsoratar da su da wuta da Shaiɗan. Abin da mai shekara 4 yake bukatar ya sani shi ne akwai Wanda ya san sunansa, yana kuma ƙaunarsa. Inda kuma maƙwabtanmu Musulmi suka amince suka kawo mana 'ya'yansu, wannan amana ce babba. A gaya wa iyayen a fili abin da ake yi a aji, kada a tilasta wa yaro yin alamar gicciye ko wata ibada, kada kuma a bari wani yaro ya raina addinin wani.

7. MAGANAR BULALA

Na san waɗansu za su ce, "Fada, mu da bulala aka rene mu, ga mu kuwa mun zama mutane." Ni ma na sha ta. A ajin da na fara, malaminmu yakan ajiye tsumagiya a kan tebur, har yau kuwa ina tuna fuskokin abokaina biyu da suka gudu daga makaranta ba su sake komowa ba. Mu da muka tsira muna ba da labari, waɗanda bulala ta kora ba a tambayarsu. Manzo Bulus ya gargaɗi iyaye a Kolosiyawa 3:21 a kan matsa wa 'ya'ya har su karai.

Horo wajibi ne, amma ga ƙarami horo yana nufin doka kaɗan, bayyananniya, wadda ba ta canjawa. Wanda ya watsa yashi ya share. Wanda ya ƙwace abin wani ya mayar, ya ba da haƙuri. Wanda ya hasala a zaunar da shi kusa da malama har ya huce. Yawancin abin da muke kira rashin ji a wannan shekaru, yunwa ce, ko barci, ko ƙishirwa, ko zaman da ya yi tsawo.

8. AIKIN DA KE GABANMU

Majalisar Batikan ta Biyu, a cikin sanarwarta a kan ilimin Kirista ta ranar 28 ga Oktoba 1965, ta koyar cewa iyaye su ne malamai na farko kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu. Saboda haka, iyaye, in yaro ya dawo, maimakon ku buɗe jaka kuna neman maki, ku tambaye shi abin da ya gina, da wanda ya yi wasa da shi, da labarin da ya ji. Ku dawo da tatsuniyar dare. Kada waya ta zama mai renon 'ya'yanku.

Kwamitin majami'a, kada ku cusa yara 60 a ɗaki ɗaya don kuɗin shiga. Ku biya malamai a kan lokaci. Ku taimaki masu sha'awa su nemi horo, ga Kwalejin Ilimi nan a Gumel kusa da mu. Ku kafa doka cewa babba ba zai keɓe da yaro a rufaffen ɗaki ba. Zumuntar Mata su ɗinka 'yan tsana da tabarmi, matasa su kafa rumfa su dasa bishiyoyi, tsofaffi su zo su ba da labari.

Malamai kuma, aikinku ba ƙarami ba ne don kawai almajiranku ƙanana ne. Ubangiji ya nuna a Matiyu 18:5 cewa karɓar yaro saboda sunansa, shi kansa ake karɓa.

Magidancin nan da na ambata bai cire 'yarsa ba. Da Kirsimeti ta zo, na gan shi tsaye gaban komin da yara suka gina, tana jan hannunsa tana nuna masa raƙumin da ta yi, mai ƙafa huɗu da tozo ɗaya, tana ba shi labarin inda masu shi suka fito da abin da suka kawo wa Jariri.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne wasanni ne kuka yi kuna yara waɗanda 'ya'yanku ba su sani ba? Me kuka koya daga gare su?
2. A Markus 10:13-16, me ya sa almajirai suka kori yaran? Ta wace hanya muke yin irin wannan a yau?
3. Waɗanne kaya ne ke gidajenmu da gonakinmu waɗanda za mu iya tarawa domin ajin ƙanana kafin Lahadi mai zuwa?
4. Yara nawa ne ke hannun malama ɗaya a makarantarmu? Me za mu yi in sun yi yawa?

ADDU'A

Ya Uba Mai Iko Dukka, kai da ka bar Ɗanka ya yi ƙuruciya a Nazarat a hannun Maryamu da Yusufu, ka dubi ƙananan da ka ba mu amana a wannan ƙasa. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba malamai hikima da taushin hali, ka tsare yaranmu daga cuta da tsoro, ka ba garuruwanmu salama domin su yi wasa lafiya tare da 'ya'yan maƙwabtanmu. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.